Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Wandon da Inna ta Ɗinka

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Baba, na ce yau zan shiga maganar aurena. Ku yi haƙuri, ba zan iya ba tukuna. Shekaranjiya ina kwashe kaya daga tsohon akwatin Inna na ci karo da wandon nan, shuɗi, mai zariya, wanda ko sau ɗaya ban taka fili da shi ba. Tun lokacin zuciyata ta koma 1992 ta ƙi dawowa.

Ina aji huɗu a sakandare a Kaduna, kuma duk makarantarmu babu mai kamo ni a tseren mita 400. Waɗanda muka yi karatu tare suna nan da ransu, a tambaye su. Ko takalmi ba na sawa. A shekarar ce su Mary Onyali, su huɗu, suka ciyo wa Najeriya tagulla a tseren miƙa sanda a gasar Olamfik ta Basalona. A talabijin ɗin maƙwabta na gan su suna tsalle suna rungumar juna, na kwana ina ganin kaina a cikinsu.

Goggo kuwa maganarta ɗaya ce tun ina ƙarama. In ta ga na sheƙo a guje daga aike sai ta ce, "Ke 'yar nan, mace ba ta gudu sai gobara."

Ranar intahaus Baffa ya zo kallon ɗansa, sai ya gan ni da gajeren wando da singileti. Na zo ta ɗaya, aka ba ni bokitin roba da sabulu. Da magariba ya shigo gida ko zama bai yi ba. "Yaya, 'yarka na gani tsirara a gaban maza, ana tafa mata." Baba ya sunkuyar da kai. Goggo daga bakin murhu ta maimaita maganarta.

Inna ba ta ce uffan ba. Washegari ta tafi Kasuwar Barci ta yanko yadi, ta kwana a kan keken ɗinkinta da fitilar ƙwai. Ta yi mini dogon wando har idon sawu, da riga mai kaiwa gwiwa, da ɗan kwalin da ba zai zame ba. Ta kai wa Baffa da kanta. Ya juya shi, ya juya, ya ce, "In da wannan ne, to."

Duk danginmu har gobe Baffa suke ɗora wa laifi. Ni ba shi nake riƙe da shi ba. Baffa ya sauko. Wanda ya ƙi saukowa malamin wasanni ne. Na kai masa wandon a leda ina murna, ya ɗaga shi sama a gaban 'yan ajinmu ya ce, "Wannan na barci ne ko na gudu?" Aka kwashe da dariya. Ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, ko in sa irin na kowa ko in zauna. Aka tafi gasa filin wasa na Ahmadu Bello da wadda nake ba wa tazarar taku goma. Sai da na girma na ji labarin Hassiba Boulmerka ta Aljeriya, wadda ta ci zinare a mita 1500 a wannan Basalonar, ana yi mata barazanar kisa saboda gajeren wando. Ita gajere ya jawo mata, ni dogo, kuma a shekara ɗaya.

A 1996 ina da cikin fari Falilat Ogunkoya ta ci tagulla a mita 400 a Olamfik ɗin Atlanta. Tserena ne. Na shiga ɗaki na yi kukana, maigida ya ɗauka laulayi ne.

Gobarar Goggo ta zo a Nuwamban 2002, da azumi a bakinmu. An kawo gasar sarauniyar kyau ta duniya Abuja, wata jarida ta rubuta abin da bai kamata ba game da Manzon Allah (SAW), Kaduna ta kama da wuta. Sama da mutum 200 suka mutu, aka kwashe gasar zuwa Landan. Ranar na yi gudun da ban taɓa yi ba, goyo a baya, yaro a hannu, zanina a tattare har gwiwa, hayaƙin taya yana shiga idona. Babu wanda ya kalli ƙafata. Da muka tsira Goggo ta riƙe hannuna tana haki ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ashe ƙafar nan da ranarta." Iyakar yabon da ta taɓa yi wa guduna ke nan har ta koma ga Allah.

Shi ya sa ba na son gasar kyau, kuma ba zan kai 'yata ba. Amma da Shatu Garko, 'yar Kano mai shekara 18, ta ci sarautar kyau ta Najeriya da hijabinta a Disamban 2021, Hisba ta ce za ta kira iyayenta, mutane suka yi musu ca a Facebook, Inna ce ta faɗo mini a rai, a kan kekenta cikin dare.

FIFA ta hana hijabi a 2007, ba ta janye ba sai 2014. A 2023 ni da Auta muna zaune muka ga Nouhaila Benzina ta Maroko ta shigo fili a gasar cin kofin duniya, kai a rufe, hannu da ƙafa a rufe, suka ci Koriya ta Kudu ɗaya da nema. Na ce, "Auta, kin ga kayan nan? Kakarki ta riga su ɗinkawa da shekara 31." Da shekara ta zagayo kuma Faransa ta hana nata 'yan wasan sa hijabi a Olamfik ɗin Paris, muryar malamin nan na ji a kunnena, da dariyar 'yan aji.

Jiya Auta ta gwada wandon. Ya yi mata gajere, ta fi ni tsawo, zariyar ma ta tsinke a hannunta don tsufa. Ta ce in bar mata shi za ta sa sabuwa. Na ce ta bari tukuna, na ninke shi na mayar akwati.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar auren.