Abin da Tuƙin Jiragen Watanda Ya Koya Mini

Na fara koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, na ƙarasa a Amurka, kuma a duk shekarun da na yi ina tara sa'o'i 1,500 da doka ta gindaya kafin a ba mutum babban lasisi, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan durƙusa a cikin jirgi da tsumma a hannu ina goge madarar da yaron wani attajiri ya zubar a kan kujera ba. Haka kuwa aka yi a makona na farko da kama aiki da ɗaya daga cikin kamfanonin da ke sayar wa masu hali kaso a ƙananan jiragen alfarma. Kyaftin ɗin da aka haɗa ni da shi, dattijo mai furfura wanda ya shekara ashirin yana wannan aiki, yana can baya sanye da safar roba yana duba ban ɗaki, bai ko ɗago ya dube ni ba balle ya yi mini jaje.

Duk wanda ya taɓa shiga watanda gab da Sallah zai gane tsarin nan take. Mutum ba ya buƙatar naman sa guda, sai ya haɗa kuɗi da wasu a sayi san, a yanka, a kasa kashi-kashi. A nan lokaci ake kasawa. Ana ƙiyasta cewa jirgi guda zai yi sa'o'i 800 a shekara yana ɗaukar masu shi, saboda haka wanda ya sayi kashi ɗaya cikin goma sha shida yana da sa'o'i 50, wanda ya sayi ɗaya cikin takwas yana da 100. Bayan kuɗin kason, yana biyan kuɗin kulawa duk wata, da kuma kuɗin kowace sa'a da ya yi a sama. Richard Santulli, wani masanin lissafi da ya sayi kamfanin Executive Jet na birnin Kolumbus a jihar Ohayo a 1984, shi ne ya fito da wannan dabara da sunan NetJets a 1986. Hamshaƙin attajirin Amurka Warren Buffett ya fara ne a matsayin mai kaso, abin ya burge shi har kamfaninsa na Berkshire Hathaway ya saye kamfanin baki ɗaya a 1998 a kan dala miliyan 725. Wani kamfanin irinsa mai suna Flexjet ya biyo baya a 1995, sannan wasu suka yi ta shigowa. Abin da ya sa lissafin yake tafiya shi ne, mai kaso ba kasafai yake hawa ainihin jirgin da sunansa ke cikin takardunsa ba. Alkawarin da aka yi masa kawai shi ne, idan ya buga waya ya ba da sanarwar 'yan sa'o'i, zai tarar da jirgi irin nasa yana jiransa a filin da ya zaɓa. Mu matuƙa mu ne muke cika wannan alkawari, kuma daga nan duk wahalar aikin da daɗinsa suka samo asali.

Jadawalina kwana bakwai ne a bakin aiki, kwana bakwai a gida. Ranar farko nakan hau jirgin fasinja kamar kowa, da tikitin da kamfani ya saya mini, in tafi duk inda jirgin da aka ba ni ya kwana. Daga nan ban san garin da zan kwana gobe ba. Da dare saƙo yakan shigo waya da tsarin tafiyar washegari, amma kafin gari ya waye sau da yawa ya canja sau biyu, domin wani ya fasa tafiya, wani jirgin ya sami matsala a wata jiha, ko wani mai kaso ya tashi da sha'awar zuwa bakin teku a Filorida. Kaso mai yawa na tafiye-tafiyenmu ma babu kowa a baya, muna kai jirgin ne inda za a hau shi. Da farko wannan rashin tabbas ya dame ni ƙwarai, har nakan ji haushi idan na tsara inda zan ci abincin dare sai aka juya mu wata nahiya ta ƙasar. Sannu a hankali na koyi zuba kayan sanyi da na zafi a jaka guda, na koyi ajiye dabino da gyaɗa a aljihunta don ranar da ba a sami abincin da ya halatta gare ni ba, na kuma daina yi wa kowa alkawarin lokaci a cikin waɗannan kwana bakwai.

A ƙananan jirage irin Phenom 300 na kamfanin Embraer, wanda na fara da shi, ko Citation na Cessna, babu ma'aikaciyar cikin jirgi. Matuƙan nan biyu su ne komai. Mu ne muke karɓar abincin da aka yi oda mu tabbatar shi ne aka kawo, mu zuba ƙanƙara da kofi, mu loda akwatuna a rana ko a ruwa, mu tarbi fasinja a bakin ƙofa, mu yi masa bayanin ƙofar gaggawa da ɗamarar kujera, sannan mu shiga gaba mu tuƙa shi a tsayin ƙafa dubu arba'in. Idan ya sauka mu share, mu gyara, mu jera komai yadda na gaba zai shigo ya ɗauka jirgin yanzu aka fito da shi daga masana'anta. Na ga matuƙan da suka zo daga manyan kamfanonin fasinja, inda ake rufe ƙofar ɗakin tuƙi ba su ga kowa ba, suka kasa haɗiye wannan ɓangare na aikin suka koma inda suka fito. Ban ga laifinsu ba, domin kowa da irin abin da zuciyarsa take iya ɗauka. Ni dai tarbiyyar gida ta taimake ni a nan, don wanda ya tashi yana karɓar jakar baƙo tun daga zaure ba ya jin ɗaukar akwati ya rage masa daraja.

Sai dai wannan tarbiyya da ta sauƙaƙa mini hidima, ita ce ta kusa zame mini cikas a inda ya fi muhimmanci. An raine mu da kara da kunya, ba a kallon idon babba a ce masa a'a, sai dai a yi masa hannunka mai sanda a bar shi ya gane da kansa. To, a wannan aiki mutumin da ke zaune a baya ba baƙo ba ne da ya sayi tikiti, mai jirgi ne a takarda, ya zuba miliyoyin daloli, kuma akasarinsu mutane ne da suka shekara da yawa ba wanda ya ce musu abu ba zai yiwu ba. Dokar Amurka kuwa a fili take cewa kyaftin shi ne mai magana ta ƙarshe a kan tuƙin jirgi kuma a wuyansa alhakin yake. Mutum guda ke nan yake ɗaukar jaka a ƙasa kamar yaron gida, minti goma bayan haka kuma ana so ya zama wanda umarninsa ya fi na mai gidan.

Matuƙan ƙananan jirage da yawa a Amurka an karanta musu labarin Aspen a ajin horo. Aspen gari ne na masu kuɗi a cikin duwatsun Kolorado, inda ake zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma filin jirginsa yana sama da ƙafa 7,800 daga matakin teku, duwatsu sun kewaye shi ta yadda galibi ta gefe guda ake sauka, ta nan kuma ake tashi. A ranar 29 ga Maris 2001 wani jirgin haya ƙirar Gulfstream III ya taso daga Los Anjalas a makare saboda fasinjojin ba su iso da wuri ba, alhali akwai ƙa'idar da ta hana irinsa sauka a filin idan dare ya yi. Wanda ya ɗauki hayar ya fusata da aka ambata masa yiwuwar sauka a wani fili, ɗaya daga cikin fasinjojin kuma ya zo ya zauna a kujerar da ke ɗakin tuƙi lokacin da ake shirin sauka. Ga dusar ƙanƙara, ga duhu yana shigowa, matuƙan suka ci gaba da yin ƙasa ba tare da sun ga titin sosai ba, jirgin ya daki gangaren tudu gab da filin, duk mutum 18 da ke ciki suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta ambaci matsin lambar da ke kan kyaftin ɗin a cikin abubuwan da suka taimaka wajen aukuwar haɗarin. Lokacin da na fara jin labarin na ɗauke shi labarin wasu mutane marasa ƙarfin hali. Sai da na zama kyaftin na gane cewa babu wanda yake yanke shawarar kashe kansa don faranta wa attajiri. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya yi ta ɗage faɗin magana mara daɗi, yana fatan yanayi zai gyaru ya hutar da shi, har ya kai inda babu sauran wurin juyawa.

Maganin da na koya daga wancan dattijon kyaftin ba wani abu ba ne illa faɗin maganar da wuri, tun ran gini tun ran zane. Kafin a rufe ƙofa, kafin a kunna inji, yakan je ya tsaya gaban mai kaso ya gaya masa halin da ake ciki a filin da za mu, da abin da za mu yi idan ba mu ga titi ba, da inda za mu sauka a madadinsa, da cewa an riga an tanadi mota a can. Ba ya neman izini, ba ya kuma ɗaga murya. Na lura cewa mutumin da aka gaya wa gaskiya yana ƙasa, da hanyar fita a hannu, yakan yi gunaguni ya haƙura; wanda aka ɓoye wa sai da aka kai sama kuwa, shi ne yake tasowa ya zo bakin ɗakin tuƙi yana tambayar dalili a lokacin da ake buƙatar natsuwa. Haka nan batun nauyi. Idan fili yana kan tudu, titi gajere, rana kuma ta yi zafi, iska takan yi shara-shara, injin ba ya ba da ƙarfinsa duka, sai lissafi ya ce ko a rage kaya, ko a rage mai a tsaya a hanya a ƙara. Lissafin nan ba ya sanin wane ne ke baya, kuma na koyi nuna wa mutum alƙaluman a kan allo maimakon in tsaya ina ba shi haƙuri kamar na yi masa laifi.

Wannan a'a ɗin ba ga fasinja kaɗai ake faɗinta ba. Kowane mako ana iya haɗa ni da matuƙin da ban taɓa gani ba, mu gaisa da safe a wani fili, da hantsi muna sama tare. Abin da ke sa baƙi biyu su tuƙa jirgi kamar sun shekara tare shi ne kowa ya haddace ƙa'ida guda, kalma guda a lokaci guda, wadda ake maimaita mana a na'urar kwaikwayon tuƙi duk lokacin da muka koma horo. A cikin ƙa'idar har da cewa ƙarami yana da hakkin, kai wajibi ne a kansa, ya ce a fasa sauka idan ya ga abin bai daidaita ba, kuma babba ya bi nan take, a yi bayani daga baya. Na sha wuya kafin bakina ya saba faɗa wa sa'an mahaifina haka. Akwai kuma a'ar da mutum yake faɗa wa kansa. Doka ta yarda a yi aikin sa'o'i 14 a rana bayan hutun sa'o'i 10, amma hutun takarda daban, barci daban, musamman idan jiya an tashi da asuba yau kuma an kai tsakar dare, ga bambancin sa'o'i uku tsakanin gabashin ƙasar da yammacinta. An ba mu damar buga waya mu ce mun gaji a cire mu daga tafiya. Na shekara biyu ban yi amfani da ita ba don kada a ce baƙo rago ne, har ranar da na karanta wa hasumiyar kula da jirage lambar da ba ita aka ba ni ba sau biyu a jere. Tun daga ranar na yarda cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma a sana'armu karin maganar nan ba ta buƙatar fassara.

Ranar da aka gwada ni sosai, daga Teterboro muka tashi, filin ƙananan jirage da ke kusa da birnin Niyok, inda kusan kowane mako sai mun ratsa. Wani dattijo ne da matarsa da jikoki uku za su Aspen, cikin hunturu, kuma hasashen yanayi yana rawa a daidai iyakar da aka yarda a sauka. Na same shi a ɗakin jira na ce, "Yallaɓai, za mu gwada sau ɗaya. Idan muka gangaro har iyakar tsayin da aka yarda ban ga titi ba, zan kai ku filin jirgin garin Rifle, tafiyar sama da awa guda ce a mota, kuma mota tana jiranku a can." Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce shekararsa goma sha biyar yana zuwa garin ba a taɓa kai shi wani wuri ba, kuma yana da baƙi da ƙarfe bakwai. Na ce na ji, amma tsarin ke nan. Zuciyata tana bugawa, domin duk abin da aka koya mini tun ina yaro yana ce mini in sassauta, in ce za mu ga abin da Allah zai yi.

Muka isa da la'asar sakaliya, muka gangaro har iyakar, mataimakina yana kallon waje ni ina kallon allo. Ya ce babu titi. Na tura maƙurar inji gaba, muka hau, muka juya yamma. A Rifle dattijon ya sauka bai ce mini uffan ba, matarsa ce kawai ta gyaɗa kai. Na ciro akwatunansu tara da sandunan zamiya na jera a bayan motar, iska mai sanyi tana yanka fuska, ƙaramar jikar tana tambayata ko gobe ma ni zan kai su gida. Da motar ta ɓace na koma cikin jirgi na tsince ɓawon lemo daga ƙarƙashin kujeru, na shimfiɗa rigar sanyina a wani lungu na ɗakin hutun matuƙa na yi Magariba. Ina sallamewa waya ta yi ƙara: gobe ƙarfe shida na safe, jirgi babu kowa, zuwa Kalifoniya.