Jikan mai haƙar kuza a ƙasar kwal

Da na gaya wa Inna a waya cewa zan yi kwana biyu a kan keke cikin duwatsu, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, lafiya? Kuɗin mota ne ya gagara?" Na ce a'a, buɗe ido ne kawai. Ta ce, "To, Allah ya kyauta. Mutum ya tsallaka har Turai ya koma wa keke." Ban ga laifinta ba. A Bukuru inda na tashi, keke na wanda bai kai ga babur ba ne, ko na yaron da aka aika niƙa. Babu mai ci ya ƙoshi ya ce zai taka mil 55 don jin daɗi.

Mil 55 ɗin nan, kusan kilomita 88, su ne tsawon hanyar da ake kira Taff Trail a kudancin Wales, a ƙasar Birtaniya. Tana tashi daga bakin teku a Cardiff, ta bi kogin Taff ta cikin kwarin da aka yi shekara da shekaru ana haƙar kwal, ta haura duwatsu, ta sauka a garin Brecon. Mafi yawanta mota ba ta shiga, daga masu keke sai masu tafiya a ƙasa da karnukansu. Na ce mafi yawa ne don kada wani ya zo ya ce na ruɗe shi: a cikin garin Pontypridd dole ka sauko titi ka yi gogayya da motoci, haka ma can gaba akwai ƴan ƙananan hanyoyin ƙauye.

Kekena na hannu ne, wurin wani ɗalibi mai komawa gida na saya. Na ɗaura jaka biyu a kariya, na zuba famfo da kayan faci, dabino, ƙuli-ƙulin da aka aiko mini, filas na shayi da rigar ruwa. A Wales wanda ya fita ba rigar ruwa shi ya so. Bayan asuba na bar Butetown, unguwar da ƴan Yaman da Somaliya suka kafu tun zamanin da kakanninsu ke aiki a jiragen dakon kwal. A 1913 kaɗai, kwal ɗin da ya fita ta tashar Cardiff ya haura tan miliyan 10. Ashe hanyar da zan bi ita ce wadda kwal ɗin ya biyo, ni ina hawa, shi ya gangaro.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sauƙin tafiyar. Duwatsu dama da hagu, amma feda ba ta yi nauyi ba. Sai da na wuce Nantgarw na gane dalili. A kan tsohon layin dogo nake. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, domin tayar ƙarfe a kan layin ƙarfe santsi take yi, saboda haka duk inda dutse ya tare sai an fasa shi, duk inda rami yake sai an cike ko a ɗora gada. Da diga da shebur aka yi yawancin aikin. Da kwal ya ƙare aka kwashe ƙarafan, aka bar shimfiɗar, aka zuba mata kwalta. Wasu suka sha wuya, ni kuma na zo ina feda da hannu ɗaya ina tauna dabino.

Gaba da Abercynon hanyar ta shiga cikin itatuwa a gefen kogi, kuma a nan na sauka na tura keken da gangan. A ƙasa akwai jerin duwatsu masu ƴan ramuka, inda aka taɓa kafe layin. Ranar 21 ga Fabrairu 1804, injin tururi na Richard Trevithick ya bi ta nan daga Penydarren zuwa Abercynon, yana jan tan 10 na ƙarfe da mutum 70, tafiyar mil tara da ɗoriya cikin awa huɗu. Shi ne karo na farko a duniya da injin tururi ya ja kaya a kan layi. Caca ce ma ta jawo abin, tsakanin masu masana'antar ƙarfe biyu. Na lissafa, ko ni da tsohon kekena na fi shi gudu.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. Tuddan ne.

Baƙo zai ga tsaunuka kore shar, tumaki na kiwo, ya ce masha Allah. Ni kuwa idona ya saba. Akwai tudun da Allah ya yi, akwai wanda mutum ya tara, kuma ɗan Jos ba ya rikita su. Na mutum gefensa a miƙe yake kamar an yanka da wuƙa, kansa a baje. Da irinsu na yi wasa a bayan Bukuru da hanyar Barikin Ladi, sai dai namu jajaye ne, kuma kowanne da kududdufinsa a gindi. Kakana daga ƙasar Katsina aka ɗebo shi a 1942, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, Turawa suka rasa kuza, suka ɗora wa Arewa aikin tilas. Da kwanon sarki a ka ya yi dakon ƙasa. Ya kan ce ba aikin ne ya fi kashe mutane ba, sanyin Jos ne da yunwa. Yaƙi ya ƙare bai koma gida ba, shi ya sa muka zama ƴan Bukuru.

Da azahar na iso Aberfan. Hanyar tana bi ta saman ƙauyen, kuma tun daga nesa za ka hango fararen duwatsun kaburbura masu siffar baka a jere a maƙabarta, a jikin tsauni. Ranar 21 ga Oktoba 1966, da safe, wani tulin dattin kwal da aka jibge a kan idon ruwa ya jiƙe da ruwan sama, ya zaftaro ya binne makarantar firamare ta Pantglas da gidajen da ke kusa. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara. Sun shiga aji ke nan, kuma a ranar za a ba su hutu. Mutanen garin sun yi ta kuka da tulin nan tun kafin abin ya faru, ba a saurare su ba. Bayan haka kuma, da aka zo kwashe sauran tuddan, sai aka ciri fam 150,000 daga kuɗin gudummawar da jama'a suka tara wa iyayen. Sai a 1997 gwamnati ta mayar da kuɗin.

Inda makarantar take yanzu lambu ne, an bar shatar azuzuwan da ƴan gajerun katangu. Na jingine keke na shiga. Ban ɗauki hoto ba. Abin da ya zo mini shi ne wani yaro ajinmu da kududdufin kuza ya ci muna aji huɗu, da yadda Inna ta yi ta dukana da mafici a ranar, tana kuka, don an ce an gan ni a wurin.

Da na fito na tarar da wani dattijo a benci da ƙaramin karensa, yana kallon kekena. Ya ce tayar baya ta yi laushi. Gaskiyarsa, kwalba na taka. A nan ne na yi kewar gida sosai, domin a Bukuru kafin ka tura keke taku hamsin ka ga mai faci a gindin bishiya da bahon ruwansa. A nan kai ne mai keke, kai ne mai faci. Ina kokawa da taya muna hira. Ya ce a ramin kwal na Merthyr Vale ya yi aiki har aka rufe shi a 1989, yajin aikin 1984 zuwa 1985 ma da shi aka yi. Ya nuna kogi da sandarsa, ya ce yana yaro kogin baƙi ƙirin yake, wanda ya faɗa ciki uwarsa ma sai ta duba da kyau. Yanzu kifi ya dawo. Na ce, "Baba, ai an ci riba ke nan." Ya ce kifi ya dawo, aiki bai dawo ba. Ya tambaye ni daga ina, na ba shi labarin kuza da kududdufai. Ya gyaɗa kai, ya riƙe mini keken har na gama buga iska.

A Merthyr Tydfil na kwana. Garin da ya taɓa fin kowane gari a Wales yawan jama'a saboda ƙarfe, ni dai abin da na gani a daren shi ne gado. Ƙorafina ɗaya a ranar: shingayen ƙarfen da aka kakkafa don hana babura shiga. Ba su san jaka ba. Sau nawa na sauke kaya na ɗaga keke, na daina ƙirga.

Washegari ƙasar ta sauya. Na haye gadar Cefn Coed mai baka 15, wadda aka gama a 1866, kana sama kana kallon rufin gidaje. Daga nan sai dam na Pontsticill, sai daji, sai yayyafin da ba ya jiƙa ka lokaci ɗaya amma ba ya barinka. A Torpantau a da jirgi ta cikin dutse yake wucewa, amma mai keke ta sama zai bi, kuma a nan na san bambancin hanyar jirgi da hanyar mota. Na sauka na tura, ba kunya. A can ƙoli na shimfiɗa rigar ruwa na haɗa azahar da la'asar, tumaki uku suna kallona kamar masu jiran a idar su yi tambaya.

Sai gangara. Ma'aikatan jirgi sun san wurin nan da gangarar mil bakwai, mai tsaurin da jiragen kaya kan ƙwace wa direba. Tsakuwa ce ba kwalta ba, dam na Talybont na hagu a ƙasa, ni dai birki kawai nake dannawa har yatsuna suka ƙage. Ƙarshen tafiyar a gefen hanyar ruwa ce ta haƙa, lumui, har cikin Brecon. Jirgin fasinja ya daina zuwa garin tun 1962, saboda haka wani abokina ɗan Somaliya ne ya zo da motar kayansa ya kwashe ni, yana ta yi mini dariya.

A mota na tuna mu ma muna da irin wannan layi. Ƙaramin jirgin da aka shimfiɗa daga Zariya don kwasar kuza, ya iso Jos a 1914, aka rufe shi a 1957. Sunan Bauchi aka sa masa, bai taɓa zuwa Bauchi ba. Da dare na kira Kawu, wanda ya gan shi da idonsa yana yaro, na tambaye shi ko har yanzu ana gane inda ya bi. Ya ce wajen Jengre zai iya nuna mini. Na ce to idan na zo gida sai mu bi shi a keke mu gani. Ya ce, "Zan kai ka, ɗana. Amma a babur."