Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tsohon Sojan Gadon Bakin Taga

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da aka fara tura mu asibiti aikin gwaji, mu ɗaliban likitanci 'yan Afirka da ke karatu a Volgograd ta Tarayyar Sobiyet. Kaka ce ta shekarar 1984, sanyi ya fara kankama. A wannan makon zan ɗan ajiye labarin karatu, domin in na tsallake wani tsoho da na yi jinya, to na tsallake rabin abin da na koyo a Rasha.

Garin nan shi ne ake kira Stalingrad kafin a sauya masa suna a 1961, kuma ba wanda zai zauna a cikinsa labarin yaƙin duniya na biyu bai taɓa shi ba. Daga ko'ina ka ɗaga kai kana hango mutum-mutumin wata mata riƙe da takobi a kan tudun Mamayev, tsayinsa mita 85, an gama shi a 1967. Matakala 200 ake hawa zuwa gare shi, adadin kwanakin da aka yi ana gwabzawa da Jamusawa a garin. A bakin kogin Volga kuwa an bar wani tsohon ginin niƙan alkama yadda yaƙi ya bar shi, jan bulo duk huji. Masu haƙar harsashin gini har lokacin suna tono ƙasusuwa da hulunan kwano. Amarya da ango ma, ranar aurensu, sai sun kai furanni wurin wutar tunawa da matattu kafin a tafi walima.

Tsohon nan yana gadon bakin taga a ɗakin maza. Ciwon zuciya ne ya kawo shi, amma da muka ɗauki hoton ƙirjinsa sai ga wani ɗan guntun ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa maƙale kusa da kafaɗarsa ta hagu. Na tambaye shi, “Baba, wannan fa?” Ya ce, “Ɗana, wannan ya girme ka. Tun Oktoban 1942 muke tare.” Sojan ƙasa ne a Runduna ta 62, wadda Janar Vasily Chuikov ya jagoranta a cikin garin. Ba ya barci sosai, ni kuma nakan yi aikin dare, daga nan hira ta ɗauke mu.

Wani dare ya karɓi biro na, ya juya bayan takardar da muke rubuta zafin jiki, ya ja dogon layi ya ce wannan Volga ne. Ya zana garin siriri a jikin kogin. Ya ce Jamusawa sun matse su har wurin da ya rage a hannunsu, a wasu unguwanni, bai fi 'yan ɗaruruwan taku daga ruwa ba. Da dare ake tsallako musu da mutane da harsashi da burodi cikin jiragen ruwa, ana ruwan wuta a kansu. Umarnin Chuikov shi ne su manne wa abokin gaba, tazarar da ke tsakani kada ta wuce jifan gurneti, don jiragen Jamus su kasa sakin bam ba tare da sun kashe nasu ba. A masana'antar tarakta da ta Barrikady, ya ce, wani lokaci ɗaki ɗaya naka ne, na kusa da shi na Bajamushe, kana jin tarinsa.

Abin da ya fi ci musu rai, in ji shi, ƙarin sojoji ba ya zuwa sai kaɗan-kaɗan, daidai wanda zai hana garin faɗuwa. Suna ta zagin manya a zuci. Sai ya zana kibiya biyu, ɗaya daga arewa, ɗaya daga kudu, suka haɗe a bayan garin. Ya ce, “Ɗana, mu ne akuyar da ake ɗaurewa a bakin tarkon kura. Ba mu sani ba sai da tarkon ya rufe.” Ya faɗe shi a hankali, ba da ɗaci ba, ya ninke takardar ya miƙo mini.

Abin da ya zana haka ya faru. Yayin da Runduna ta 6 ta Jamus ƙarƙashin Janar Paulus take ƙarar da ƙarfinta a kangwaye, janarorin Sobiyet Zhukov da Vasilevsky suna tara sojoji sama da miliyan ɗaya a ɓoye, ana tafiya da dare, ana ɓuya da rana. Ranar 19 ga Nuwamba 1942 suka afka wa gefen da sojojin Romaniya, ƙawayen Jamus, ke tsaro, waɗanda ba su da isassun makaman fasa tankoki. Ranar 23 ga wata ɓangarorin biyu, na arewa da na kudu, suka haɗu kusa da garin Kalach. Paulus ya miƙa wuya ranar 31 ga Janairu 1943 a ƙarƙashin wani babban kanti da ke tsakiyar gari, kwana guda bayan Hitila ya ba shi muƙamin fil mashal. Sauran suka ajiye makamai ranar 2 ga Fabrairu. An kama mutum kimanin 91,000, waɗanda suka koma gida Jamus ba su wuce 6,000 ba.

A nan nake saɓawa da masu cewa sanyi ne ke ci wa Rasha yaƙi. Na sha jin wannan magana a majalisu bayan na dawo gida, kuma tana rage wa mutanen da suka yi tunani haƙƙinsu. Sanyi bai san Barashe da Bajamushe ba. Abin da ke akwai shi ne daɗaɗɗen lissafi na ƙasa mai faɗi: a bar maƙiyi ya shigo, hanyar abincinsa ta yi tsawo, ƙarfinsa ya tsinke, sannan a dake shi inda ya fi rauni. Haka aka yi wa Napoleon a 1812. Kwamandan Rasha Barclay de Tolly ya yi ta ja da baya har ana kiransa matsoraci, Kutuzov ya karɓa, ya tsaya a Borodino a watan Satumba, sannan ya bar wa Faransawa Mosko don ya tsira da rundunarsa. Napoleon ya zauna cikin ƙonannen gari yana jiran sulhun da bai zo ba.

Sai daga baya, da aka saki bakin mutane a ƙarshen shekarun 1980, na samu karanta muhawarar da hafsoshinsu suka yi kafin yaƙin duniya na biyu. Aleksandr Svechin yana ganin yaƙi mai zuwa na gajiyarwa ne, dole a shirya rasa ƙasa a farko. Mikhail Tukhachevsky da mutanensa suna kan kai hari mai zurfi: a fasa sahun gaba, a tura tankoki da jirage can ciki su wargaza hedikwata da hanyoyin kaya. Stalin ya sa aka harbe Tukhachevsky a 1937, Svechin a 1938, tare da ɗimbin hafsoshi. Da Jamus ta shigo ranar 22 ga Yuni 1941, rundunar da aka sare wa kai ta rasa miliyoyin mutane cikin watanni. Abin da ya cece su a ƙarshe shi ne haɗa tunanin mutanen nan biyu da suka kashe. Sun kwashe manyan masana'antu sama da 1,500 a jirgin ƙasa zuwa tsaunukan Ural da Saiberiya, suka jure, sannan suka kai hari mai zurfin.

Amma ni likita ne, kuma abin da ya tsaya mini a wuya shi ne kuɗin da ake biyan wannan dabara da shi, wato rayukan 'ya'yan talakawa. Dokar Stalin mai lamba 227, ta 28 ga Yuli 1942, ta hana ja da baya ko taku ɗaya, ta kuma kafa masu tsaro a bayan sahu don tare wanda ya juya. A lokacin da nake can hukuma tana cewa mutum miliyan 20 suka mutu a yaƙin, sai a 1990 aka ce kusan miliyan 27. Tsofaffin matan da ke goge daɓen asibitinmu, da yawansu ba su taɓa aure ba, domin samarin tsararsu ba su dawo ba. Ina girmama jarumtar mutanen nan har zuciyata, kuma ban yarda a yabi janar a manta da su ba.

A ɗakin nan kuma, gado uku daga na tsohon, akwai wani saurayi da aka sallamo daga Afganistan, hantarsa ta lalace da ciwon shawara, idanunsa sun yi rawaya. Tun Disambar 1979 sojojin Sobiyet ke can, kuma jaridu ba sa faɗin komai sai dashen itatuwa da gina makarantu. Gawarwaki kuwa a akwatin tutiya a rufe ake kawo su. Tsohon yakan aika masa da tuffa daga cikin wadda 'yarsa ke kawowa. Wata rana ya tambaye shi, “Jikana, ina sahun gabanku yake?” Yaron ya ce, “Kaka, babu. Da rana hanya tamu ce, da dare tasu.” Tsohon ya girgiza kai ya ce, “To ku ne kuka shiga gidan wani. Faɗin ƙasar nasu ne, lokacin ma nasu ne.” Sojojin sun fice a Fabrairun 1989, bayan an kashe musu kimanin 15,000, ban da ɗimbin 'yan Afganistan da suka hallaka.

An sallami tsohon kafin sabuwar shekara, ya sa na yi masa alkawarin zuwa gidansa ranar 9 ga Mayu 1985, bikin cika shekara 40 da nasara. Na cika alkawari, kuma a gidan nan ne aka miƙo mini kofin barasa a gaban tsofaffin sojoji cike da tebur, kowa ya miƙe tsaye don tunawa da matattu, ni kuwa Musulmi. Yadda muka ƙare da su, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.