Janareta ga masu kwana a tanti

Duk wanda ya taɓa kwana a Argungu lokacin bikin kamun kifi ya san abin da ƙarar janareta ke yi wa barci. Ɗan ƙaramin nan na Tiger da ake gauraya masa fetur da baƙin mai yana da araha, amma hayaƙinsa da kukansa sai su hana maƙwabta runtsawa, ga wutarsa tana hawa tana sauka har ta ƙona caja.

Kafin ka je kasuwa, lissafa wutar da kayanka ke ja. Fanka kusan wat 60, ƙwan LED wat 10, cajar waya kusan 20. Firji ne mai rikici: lokacin tashi yana jan ninki biyu zuwa uku na abin da aka rubuta a jikinsa. In akwai firji, nemi mai wat 2000. In babu, 1000 ya wadatar.

Janareta mai inbata (na'urar da ke daidaita wutarsa) ya fi tsada, amma yana rage gudu idan kaya sun yi kaɗan, fetur ya daɗe, kuma ana iya hira kusa da shi.

Ajiye kowane janareta a fili, aƙalla mita 6 daga tanti, bakin salansa yana kallon waje. Iska mai guba da ke cikin hayaƙin nan ba ta wari ko kaɗan, amma tana kisa cikin barci. In ba irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ba ne, sauya baƙin mai bayan awa 20 na farko. Ƙurar hunturu kuwa tana toshe soson iska, sai ka ji injin yana shaƙewa; wanke soson, ya bushe, ka mayar.