Hartford: makarantar ƴan mishan da ta koma horar da limaman asibiti

A Damagaram idan aka ce makarantar addini kowa ya san inda aka dosa: ta allo ce, ko madarasa, ko makarantar Baibul ta coci, kowace da ƙofarta. Shi ya sa labarin makarantar Hartford Seminary, a jihar Connecticut ta Amurka, kan yi wa mutanenmu wuyar shiga kai. Makaranta ce ta masu karatun gaba da lisans, inda fasto da liman da malamin Yahudawa ke zama aji guda.

Ba don zaman tare aka kafa ta ba. A 1834 wasu fastoci masu riƙon gargajiya suka buɗe ta a East Windsor Hill, don suna ganin tauhidin da ake koyarwa a Jami'ar Yale ya yi sako-sako. Bennet Tyler ne shugabanta na farko, a 1865 kuma ta koma cikin birnin Hartford. Karatun Musulunci ya shigo ta hannun Duncan Black Macdonald, masanin Larabci haifaffen Glasgow, wanda ya fara koyarwa a can a 1892. A ganinsa, ɗan mishan da bai iya Larabci ba, bai karanta Alƙur'ani da littattafan Ghazali ba, ba shi da abin faɗa wa Musulmi. Wato an soma karantar da Musulunci ne don a ja Musulmi zuwa addinin Kirista, kuma gara a faɗi haka ƙarara. Zamanin ke nan da ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a Zinder, a 1924. Mujallar da ake kira The Muslim World yanzu ma da wannan niyya ɗan mishan Samuel Zwemer ya kafa ta a 1911, ta koma hannun Hartford a 1938, har yau tana fita.

Abin da ya juya akalar, rabinsa tunani ne, rabinsa aljihu. A 1972 makarantar ta daina ba da babban digirin nan na horar da fastoci, ta sayar wa Jami'ar Emory littattafai kusan 220,000 a 1975, daga baya kuma ta bar tsohuwar harabarta. A 1973 ta buɗe cibiya da sunan Macdonald don nazarin Musulunci da hulɗar Kirista da Musulmi. Amma a ganina ba a yi canji na gaske ba sai farkon shekarun 1990, da aka ɗauki Musulmi, Ibrahim Abu-Rabi, cikin malamanta na dindindin. Muddin wani ne ke bayyana addininka a gabanka, kai abin nazari ne kawai.

Ingrid Mattson, ƴar Kanada da ta musulunta, ta zo a 1998 ta kafa sashen horar da Musulmi masu kula da mutane a asibiti, gidan kaso, barikin soja da jami'o'i, wanda shi ne na farko da ya sami amincewar hukuma a Amurka. Tsarin da aka daɗe ana bi a baya kiredit (ma'aunin yawan darussa) 72 ne: 48 na masta a ilimin Musulunci da hulɗarsa da Kiristanci, 24 na koyon aikin kula da mutanen. Sai horon asibiti. Zango ɗaya awa 400 ne, wajen 300 a gefen gadon marasa lafiya, 100 a zaman bita. Ɗalibi zai rubuta hirarsa da majinyaci kalma bayan kalma, ya karanta gaban abokan karatu da mai duba shi, su nuna masa inda ya katse mutum, inda ya tsere zuwa wa'azi don bai iya jure shiru ba. Mai son cikakkiyar shaidar ƙwarewa sai ya yi zango 4, ya ƙara da awa 2,000 na aiki.

A nan aka fi tuntuɓe. Wanda ya saba da mumbari yakan shiga ɗakin majinyaci da amsa a baki tun ba a tambaye shi ba, alhali aikin sauraro ne. Da dare kuma malamin addinin da ke bakin aiki kan zama shi kaɗai ne a asibiti duka, don haka liman na iya zama da iyalin Kirista da aka yi wa rasuwa: ba zai yi musu ibadarsu ba, ba zai kira su zuwa tasa ba, zai riƙe su har fastonsu ya iso. Akwai kuma matsalar takarda. Ana neman ƙungiyar addini ta tsaya wa mutum, coci na da wannan tsari, Musulmi ba su da naɗin limanci irin na fastoci, sai da suka kafa ƙungiyoyin da za su riƙa ba da shaidar.

A 2021 makarantar ta sake suna zuwa Hartford International University for Religion and Peace. Ɗan Damagaram da ke hangen ta ya san cewa da Ingilishi ake karatun, Faransancinsa ba zai fisshe shi ba, sai ya ci jarrabawar harshe, kuma lisans ɗinsa sai an auna shi da ma'aunin digirin can. Ya kuma yi lissafin dawowa, domin a nan gaida marar lafiya da yi masa addu'a aikin dangi ne da malamin unguwa, ba a saba biyan albashi a kansa ba.