Takardar da ban cike ba

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis da littafin rajista, bayan shekara bakwai ina sakataren ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa. Masu tambaya ko mun ɓata da Alhaji, shugaban ƙungiyar, ne, a'a, mun yi sallama lafiya. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya.

A kaka ɗaya muka sayar da yara uku: gola, ɗan gaba, da ɗan tsakiyar nan da kowa ya sani. Shi ɗan tsakiyar yana shekara 13 ya zo mana, da silifas. Ni na je 'yan gwanjo na sayo masa takalmin ƙwallo, ya yi masa yawa, muka cusa jarida a ciki. Shekara huɗu yana atisaye da mu ba a yi masa rajista a hukumar ƙwallon jiha ba. Duk sanda na kawo maganar, Alhaji sai ya ce, "Sakatare, bari sai za mu shiga gasa." Na bari.

Dillali ya zo ya ajiye kuɗi a hannu, ya kai yaron wata makarantar ƙwallo a kudu, su kuma suka yi masa rajista da sunansu. Da ya cika 18 ya tsallaka Turai, daga baya kulob ɗin can ya sayar da shi wata ƙasar. Dokar FIFA ta ce a ware kashi 5 cikin 100 na irin wannan ciniki a raba wa ƙungiyoyin da suka raini ɗan wasa daga shekara 12 zuwa 23. Sai dai da tarihin rajista ake rabon. Na tattara hotuna, na haɗa da littafin kiran suna mai ɗauke da rubutun hannuna. Ba wanda ya ko duba. A takarda, yaron bai taɓa taka filinmu ba.

A gaban 'yan wasa Alhaji ya ce sakacina ne. Na yi shiru, don rabin maganar gaskiya ce: kuɗin rajistar bai fi ƙarfin aljihuna ba.

Kuɗin cinikin kuwa, bas aka saya, aka ɗauko tsofaffin 'yan wasa huɗu masu suna da ciwon gwiwa. Koci ya roƙa a hau da 'yan ƙasa da shekara 15, aka ce masu kallo ba za su yi haƙuri ba. Muka faɗa rukunin ƙasa. Na kan rage wa kaina zafi da tuna Monaco: ta ci gasar Faransa a 2017, ta rabu da Mbappe, Bernardo Silva, Mendy da Bakayoko, zuwa 2019 tana ta 17 a teburi. Su dai an biya su.

Wanda zai gaje ni, kada ka sa hannu a cinikin da babu kason sayarwa ta gaba, wato rabon da za a ba mu in an sake sayar da ɗan wasan. Kada ka saki uku lokaci guda. Dillalin da ya fara da gidan iyayen yaro kafin ofis, ka sa masa ido.

Yaran da ke fili yanzu duk suna da rajista, har ƙaramin da bai iya ɗaure takalmi ba, kuma kwafin takardun yana gidana cikin akwati. Ɗan tsakiyar yana kirana duk Sallah, ya ce, "Baba Sakatare, ya ƙungiya?" Ban taɓa faɗa masa ba.