Fatsa da Gashin Zakara a Tsaunukan Lesoto

Aikin koyarwa ne ya kai ni Maseru, babban birnin Lesoto, ba kamun kifi ba. Amma wanda ya tashi a Yawuri, a bakin Kwara, idan ya ga ruwa sai ya tambayi abin da ke cikinsa, kuma Lesoto ƙasa ce da ruwa ke tsattsafowa daga kowane tsauni. Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko ta ina, kuma babu taƙi ɗaya a cikinta da bai haura mita 1,000 daga doron teku ba. Wannan tudun shi ya sa kogunanta ke da sanyin ƙanƙara, shi ya sa kuma kifin tirawut ya samu wurin zama. Shi ma baƙo ne. Mai launin ƙasa-ƙasa da ɗige-ɗige ja daga Turai aka kawo kakanninsa, mai jan zane a gefe kuma daga yammacin Amurka. Turawan Ingila ne suka shigo da ƙwansa kudancin Afirka a ƙarshen ƙarni na 19, daga baya aka zuba shi a kogunan tsaunukan Maloti.

Wani abokin aikina, dattijo daga Basoto, mutanen ƙasar, mai koyar da ilimin halittu, shi ya fara ɗaukata. A can duk namiji babba "ntate" ake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Da ya buɗe ɗan akwatinsa na ga ƙugiyoyi a jere, kowace an yi mata ado da gashi da zare, sai na tambaye shi ina tanar da za mu sa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, wannan kifin ba a ba shi abinci. Ƙarya ake yi masa."

Ƙwaron ƙarya ne ake ɗaurawa a jikin ƙugiya: gashin wuyan zakara, gashin barewa, ɗan gashin zomo, zaren ɗinki, wani lokaci da siririyar wayar jan ƙarfe. Wasu suna yawo a saman ruwa, wasu an sa musu ɗan ƙarfe a ka don su nitse. Abin ba shi da nauyin da za a ce a jefa shi, saboda haka igiyar ce ke da nauyi, ita ake jefawa ta ja ƙwaron ya bi ta. Sandar takan kai ƙafa tara amma ba ta da nauyi a hannu, da 'yar tayar naɗe igiya a gindinta. A bakin igiyar akwai zaren roba fari wanda yake sirancewa har ya kusa ɓacewa ido, a nan ake ƙulla ƙwaron.

Jifan shi ne abin da kowa ke tsoro, ni kuwa a ganina an cika zuzuta shi. A filin ƙwallon makaranta na koya, yara suna kallo suna ƙus-ƙus. Ka ɗaga sanda baya da sauri ka tsayar da ita cak, ka jira igiya ta miƙe a bayanka, sannan ka turo gaba ka sake tsayarwa, kamar mai son yar da laka daga bakin kara. Duk sirrin yana cikin wannan jiran. Mai garaje yakan ji igiya ta yi ƙara a bayansa, idan ya duba ƙwaro ya tsinke ya tafi. Ƙarfi ba ya ƙara komai. Kuma a kogin dutse yawancin kifin da na kama bai wuce taku goma daga inda nake ba, don haka wanda ke jira sai ya iya jifa mai nisa kafin ya je ruwa yana ɓata wa kansa lokaci ne.

Inda abin ya shiga raina shi ne Semonkong, a kogin Maletsunyane, sama da wurin da ruwan ke faɗowa daga tsayin mita 192 cikin wani kwazazzabo. Ruwan garau yake, kana ƙirga duwatsun ƙasa. Yadda kake ganin kifi kuwa, ya riga ka gani. Ntate bai bar ni na taɓa sanda ba a farkon safiyar. Ya zaunar da ni a kan dutse, ya ce in duba. Na duba ban ga komai ba sai ruwa. Ya miƙo mini tabarau mai kashe ƙyallin rana, ya nuna wani wuri bayan dutse inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai laushi. Sai can na ga wata inuwa doguwa tana ɗan karkaɗa jela, ta matsa hagu ta buɗe baki fari ta koma mazauninta. Kifin ba ya yawon neman abinci. Yana tsayawa ne inda gudun ruwa ba zai gajiyar da shi ba, ya fuskanci inda ruwan ke fitowa, ruwa ya riƙa kawo masa.

Daga wannan ganin duk sauran dabarun suka fito. Tunda fuskarsa tana sama, ta baya za ka zo masa, kana haura kogi ba gangarawa ba. Za ka duƙa, wani wurin har rarrafe. Ba ka barin inuwarka ta faɗa ruwa, ba ka taka dutse ya yi ƙara, domin motsi yana tafiya cikin ruwa kuma jikinsa na jin sa. Farar riga sai a bar ta a gida. Na taɓa ganin baƙo ya zo da kaya masu tsada, ya tsaya ƙiƙam a kan dutse mafi tsayi yana ta jifa mai kyan gani, kifin kuwa tuni sun shige ƙarƙashin gaɓa.

Kafin ya zaɓi ƙwaro, Ntate yakan sa hannu cikin ruwa ya ɗago dutse ya juya shi. A ƙasansa za ka ga ƙananan halittu suna rarrafe: wasu shafaffu masu jela biyu ko uku, wasu tsutsotsi da suka gina wa kansu gida da yashi da tsakuwa, wani lokaci 'yar ƙaguwa. Waɗannan su ne 'ya'yan ƙwarin da daga baya za su yi fiffike su tashi, kuma su ne mafi yawan cimar kifin. Ke nan yawancin cinsa a ƙarƙashin ruwa yake yi, inda ba ka gani. Sai ka dubi girman abin da ke jikin dutsen da launinsa, ka nemi mai kama da shi a akwati. Abin da na lura shi ne girma ya fi launi muhimmanci. Idan kifi ya taso ya dubi ƙwaronka ya juya, sau da yawa ƙarami yake so, ba wani launi ba.

Amma ko girman bai kai tafiyar ƙwaron muhimmanci ba. Ƙwaro na gaske ba a ɗaure yake da komai ba, duk inda ruwa ya yi da shi nan yake bi. Naka kuwa yana jikin igiya, igiyar tana kwance a kan ruwa mai gudu iri-iri, wani sashe na sauri wani na nawa. Da zarar mai saurin ya ja cikin igiyar, ƙwaronka zai fara jan layi a saman ruwa. Kai da ƙyar za ka lura, kifin kuwa ya gama da kai. Maganinsa a ɗaga sanda a cire igiya daga kan ruwa gwargwadon iko, ko a ɗan wurga cikinta sama da zarar ta sauka, ko kuma, wanda ya fi duka, a canja wurin tsayuwa. Wannan ne ya fi ɗaukata lokaci, kuma har yau shi nake koyo.

Da rana ta yi zafi a watan Janairu, fara takan cika ciyawar gaɓa, iska na kaɗo ta ruwa. A irin wannan ranar na jefa ƙwaron gashin barewa kusa da wata gaɓa da ruwa ya rarake ƙasanta. Ya sauka da ɗan ƙara, ya yi tafiyar kamu biyu. Kifin ya fito a hankali, ya ɗan bi shi da baya yana dubawa, sannan ya ɗago hanci ya rufe baki a kai. Jiki yana cewa ka fizge, amma sai ka bari ya sunkuyar da kai tukuna, sannan ka ɗaga sanda a natse. Igiya ta ɗaure, taya ta yi kuka, ya nufi ƙarƙashin dutse na karkato shi gefe. Da ya shigo raga na ga gefensa ruwan man shanu, da ɗige ja kowanne da farin zobe a kewaye. Hannuna na rawa, rabi sanyi rabi murna.

Tsaunin yana da nasa sharuɗɗan. Damina a can daga wajen Oktoba zuwa Maris take, hadari kuma yakan haɗu da rana tsaka cikin ɗan lokaci. Lesoto ta yi suna wajen tsawa, kuma sandar fatsar zamani wuta na bin ta. Da ka ji rugugi ka kwantar da ita ƙasa ka sauka daga tudu. Ruwan da aka yi a wani tsauni da ba ka ma gani yana iya cika kogin da kake tsaye ciki, don haka idan ka ga ruwa ya fara gurɓacewa yana ɗauko karmami, fita ta gefen da hanyarka take. Ba a shiga ruwan kowane ƙauye sai an gaida mai gari an nemi izini, ga kuma lasisi na hukuma. Makiyayan tumaki, samari cikin bargo da takalmin roba, suna da karnuka marasa wasa. Ka yi sallama tun daga nesa. Alwala a wannan ruwan da asuba kuwa, sai wanda ya yi.

Madatsar Katse wata duniya ce daban. Daga garin Hlotse hanya ke hawa ta ratsa mashigar Mafika Lisiu, sama da mita 3,000, sannan ta gangaro ka hango ruwa baƙi-shuɗi yana bin kwaruruka. An gama ginin a 1996 a kan kogin Malibamatso, tsayin bangon mita 185, ƙarƙashin yarjejeniyar da Lesoto da Afirka ta Kudu suka sa wa hannu a 1986 don tura ruwa ta ramuka zuwa yankin Johannesburg. An raba mutane da gonaki da makiyaya saboda shi, kuma idan ka zauna da tsofaffin wurin za ka ji maganar ba ta mutu ba.

A kogi ruwa ke nuna maka inda kifi yake. A dam babu mai nuna maka, kuma nan kifin ne ke yawo, kai kake jira. Da farko sai ka ga ko'ina ɗaya ne. A hankali na gane cewa iska ce ke yin aikin da gudun ruwa ke yi a kogi: gaɓar da iska ke bugawa nan take tara ƙwari da ƙananan halittu, nan kifi ke zuwa, ko da yake jifa cikin iska ba daɗi. Sai bakin rafukan da ke shigowa da ruwa mai sanyi, sai inda tudun ƙarƙashin ruwa ya yanke zuwa zurfi. Gaɓar Katse a miƙe take, taku kaɗan ka bar ƙasa, saboda haka ba wurin shiga ruwa da ganganci ba ne.

Tambayar dam ita ce zurfi. Tirawut yana son ruwa tsakanin digiri 10 zuwa 16, idan ya haura 20 yana wahala, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Da asuba da kuma gab da magariba yana tasowa kusa da gaɓa, rana na ɗagawa ya sauka. Sai a sa igiya mai nitsewa, a jefa, a ƙirga a zuci kafin a fara ja: goma, in shiru a ƙara zuwa ashirin, haka har a dace da inda suke, sannan a riƙe wannan ƙirgen. Ƙwaron dam ya fi girma, mai kama da ɗan mazari ko ƙaramin kifi, baƙi ko kore mai duhu, da jelar gashi mai laushi. Ja a hankali ya fi ba ni kifi, da ɗan tsayawa a tsakani, kuma sau da yawa a tsayawar yake kamawa. Ba na ɓoyewa, kamun dam bai kai na kogi daɗi a wurina ba. Kifinsa ya fi ƙiba da ƙarfi, amma kana jifa ne cikin duhu. Abin da ke mayar da ni can shi ne kogin Bokong da ke zuba cikinsa, inda da zafi wani kifin ƙasar mai ruwan zinariya ke haurowa garke-garke daga dam, yana cin ƙwaron sama, kuma a ƙarfi ya fi tirawut mai girmansa.

Sai maganar sakewa, wadda 'yan uwana a gida suka kasa ganewa. Ka hau dutse, ka sha sanyi, ka kama kifi, ka mayar da shi? Ni ma da farko abin ya yi mini banbaraƙwai. Amma ƙaramin kogin dutse ba Kwara ba ne. Abincinsa kaɗan ne, kifin a hankali yake girma, kuma manyan da ke cikin kowane gurbi ana iya ƙirga su da yatsu. Mutum biyar masu buhu za su share shi a damina ɗaya. Shi ya sa ake danne haƙorin ƙugiya da filaya don ta fita da sauƙi, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi saboda santsin jikinsa kariya ce, a riƙe shi cikin ruwa yana fuskantar gudu har ya fizge da kansa. Da hunturu, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da yake zuba ƙwai a tsakuwa, ana barin kogunan su huta.

Ntate bai yarda a mayar da tirawut waliyyi ba, kuma ina bayansa. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi na asalin Maloti, bai wuce tsawon yatsa da ɗan ɗori ba, wanda yanzu a 'yan rafuka kaɗan ya rage, yawancinsu a Lesoto. An ɗauka ya ƙare, sai aka sake ganinsa a Sehlabathebe wajen 1970. Inda tirawut ya shiga, shi yakan ɓace, kuma mafi yawan inda ya tsira sama ne da magangarun ruwa da baƙon ya kasa hayewa. Don haka ban goyi bayan a ƙara zuba tirawut a rafin da babu shi ba, komai daɗin kamunsa. Wanda yake nan a Maletsunyane da Bokong ina sakinsa. Ranar da kwaɗayi ya taso kuwa, a cikin Katse ɗin ana kiwonsa a manyan keji har an taɓa kai wa Japan, sai in sayi na kiwon in gasa da yaji da ɗan lemon tsami, mu ci da tuwon masarar da Basoto ke kira papa.